Idan Mutum Ya Juya Wa Allah Baya, Shi Ma Yakan Juya Masa? Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa ba baƙi ba ne ga wanda ya daɗe a cikin ikkilisiya. Ana jinsu a nazarin Littafi Mai Tsarki na tsakiyar mako, a taron matasa, a zumuntar mata. Wasu kuma sai an tashi sujada, jama'a sun watse, sannan mutum ya ja fasto gefe ya yi su da murya ƙasa-ƙasa, domin daga zuciya mai nauyi suke fitowa. An nuna wuraren da za a duba a kowace amsa, don mai karatu ya buɗe ya gani da idonsa.

Da gaske Allah yana ci gaba da ƙaunar mutumin da ya ƙi shi?

Da gaske ne, kuma ba aya ɗaya ko biyu aka tsinto aka ɗora wannan koyarwa a kai ba. Tun daga shafukan farko take. Da Adamu da Hauwa'u suka ci 'ya'yan itacen da aka hana su, ba su fita neman Allah ba, ɓuya suka yi a cikin itatuwa. Allah ne ya zo yana kira, yana tambayar Adamu inda yake (Farawa 3:9). Ya yanke musu hukunci, ya fitar da su daga gonar, amma kafin su fita sai da ya yi musu tufafin fata ya suturta su. Kayinu ya kashe ƙanensa Habila, ya kuma amsa wa Allah da gatsali, duk da haka Allah ya sa masa alama don kada wanda ya gamu da shi ya kashe shi.

Abin da ya faru a gindin Dutsen Sina'i ya fi wannan muni. Mutanen da suka haye teku a ƙafa, suka ji muryar Allah daga dutsen, suka ce duk abin da Ubangiji ya faɗa za su yi, su ne suka kasa jiran Musa kwana 40. Suka tara 'yan kunnen zinariya, Haruna ya ƙera musu maraƙi, suka ce ga wanda ya fito da su daga Masar (Fitowa 32). Hukunci ya sauka, mutum wajen 3,000 suka mutu. Amma babi biyu gaba, a Fitowa 34:6, a nan ne Allah ya bayyana wa Musa halinsa: mai jinƙai, mai alheri, mai jinkirin fushi, mai yawan ƙauna da aminci. Ba a ranar da suke biyayya ya faɗi wannan ba. Jikokinsu da suka dawo daga bauta sun tuna da haka a addu'ar da ke Nehemiya 9. Ko bayan maraƙin, ginshiƙin girgije bai daina yi musu jagora ba, manna ba ta daina sauka ba, shekara 40 tufafinsu ba su tsufa ba, ƙafafunsu ba su kumbura ba. Mutanen da suka durƙusa wa gunki sun ci gaba da fita kowace safiya suna tsintar abincin da wanda suka ƙi ya saukar musu.

Bulus ya tattara maganar a Romawa 5:8, inda ya ce Allah ya tabbatar mana da ƙaunarsa da yake tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu.

Wane labari ne ya fi nuna wannan a Tsohon Alkawari?

Na annabi Yusha'u. Ya yi annabci a mulkin arewa, wato Isra'ila, a ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu, tun zamanin sarki Yerobowam na biyu. Ƙasar tana cikin wadata a lokacin. Mutane suna ambaton sunan Ubangiji da baki, amma in gona ta yi kyau, gunkin nan Ba'al suke gode wa.

Allah bai fara da ba Yusha'u wa'azi ba, aure ya umarce shi ya yi. Ya auri Gomer 'yar Diblayim, mace da ba za ta riƙe masa amana ba. Sun sami 'ya'ya uku, sunayensu kansu saƙo ne ga al'umma: an ce a kira 'yar "wadda ba a ji tausayinta ba", ƙaramin ɗan kuma "ba mutanena ba". A babi na 2 ana jin muryar matar tana cewa za ta bi samarinta, su da ke ba ta abinci da ruwa da ulu da mai. Sai Allah ya ce ba ta sani ba, shi ne ya ba ta hatsin da ruwan inabin da man, har azurfa da zinariyar da aka kai wa Ba'al. A nan zafin maganar yake. Da abin da ya ba ta take cin amanarsa.

Mai karatu zai zaci saki ne zai biyo baya, ai Dokar Musa ma ta ba da dama. Amma Allah ya ce zai rarrashe ta, ya kai ta jeji, ya yi mata magana mai taushi, ya sake ɗaura aure da ita har abada. A babi na 3 ya ce wa annabin ya koma ya ƙaunaci matar, wadda yawancin masu fassara suka ɗauka Gomer ɗin ce. Yusha'u ya je ya biya shekel 15 na azurfa da awon sha'ir ya karɓo ta. A tsaya a dubi wannan da kyau. Mutum ne sananne a gari, kowa ya san abin da matarsa ta yi masa, ga shi yana ƙirga kuɗi, yana auna hatsi, don ya fanso wadda tasa ce tun asali. Babu inda aka ce ita ta aiko tana neman gafara tukuna.

A babi na 11 Allah ya sauya misali, ya yi magana kamar uba. Shi ya koya wa Ifraimu, wato Isra'ila, tafiya, shi ya ɗauke shi a hannu, shi ya sunkuya ya ciyar da shi, amma yana kira suna ƙara nisa. Sai ya tambayi kansa yadda zai iya rabuwa da su, ya ce zuciyarsa ta juya a cikinsa, ba zai aukar da zafin fushinsa ba, domin shi Allah ne ba mutum ba (11:8-9). Dalilin jinƙan ke nan. Bai ce don sun gyaru ba, ya ce don shi Allah ne.

An ce wa wata 'yar'uwa ta zauna da mijin da ke dukanta, wai ta yi koyi da Yusha'u. Daidai ne?

Ba daidai ba ne. An ba Yusha'u wannan umarni a matsayin alama ga Isra'ila, ba doka ce da aka ɗora wa kowane mai aure ba. Ban da haka, a labarin, mai ƙarfi ne ya ɗauki wahala saboda marar ƙarfi. Juya shi a ɗora wa macen da ake duka nauyin zama cikin haɗari, murɗe Nassi ne. Tana iya yafe masa a zuciyarta tana gidan iyayenta, inda hannunsa ba zai kai gare ta ba. Aikin dattawan ikkilisiya shi ne su kāre ta, su kuma tsawata wa mijin.

In Allah mai jinƙai ne haka, me ya sa Samariya ta faɗi, aka kuma ƙone Urushalima?

Domin jinƙai ba ya nufin Allah bai damu da mugunta ba. Ayar da ta ce mai jinkirin fushi ne, ita ce ta ci gaba da cewa ba zai ƙyale mai laifi ba (Fitowa 34:7). Assuriya ta ci Samariya, babban birnin mulkin arewa, a shekara ta 722 kafin haihuwar Almasihu, bayan Amos da Yusha'u sun yi ta gargaɗi. Babila ta rushe Urushalima da Haikali a wajen 586, bayan Irmiya ya shafe shekara kusan 40 yana kira. Marubucin 2 Tarihi 36:15-16 ya ce Ubangiji ya yi ta aiko da manzanni saboda yana jin tausayin jama'arsa, su kuwa suka yi ta yi musu ba'a, har abin ya kai inda babu magani.

Sai dai a lura da abin da ya faru a tsakiyar hukuncin. Sojojin Babila sun kewaye birnin, Irmiya yana tsare a farfajiyar matsara, sai Allah ya ce masa ya sayi gonar ɗan baffansa a Anatot. Ya auna shekel 17 na azurfa, aka rubuta takarda, shaidu suka sa hannu, aka ajiye ta a cikin tulun ƙasa don ta daɗe (Irmiya 32). Ba mai sayen gona a ƙasar da abokan gāba suka mamaye, sai wanda aka tabbatar masa za a dawo. An kuwa dawo, bayan Sairus sarkin Farisa ya ba da izini a wajen 538. Kuma daga cikin tokar birnin ne aka rubuta Makoki 3:22-23, inda aka ce jinƙan Ubangiji ba ya ƙarewa, sabo ne kowace safiya. Wanda ya rubuta wannan ya ga yara suna suma saboda yunwa a titi. Ba daga wurin jin daɗi ya faɗa ba.

To ashe sai in ci gaba da abin da raina ke so, tunda a ƙarshe zai yafe?

Bulus ya kawo irin wannan tambaya da kansa, ya amsa da a'a mai ƙarfi (Romawa 6:1-2). A Romawa 2:4 ya ce alherin Allah don ya jawo mutum ga tuba ne. Wanda ya mai da shi lasisin zunubi bai fahimci abin da aka ba shi ba.

Gafara kuma ba ta share duk ɓarnar da aka yi. Annabi Natan ya faɗa wa sarki Dawuda Ubangiji ya kawar da zunubinsa, amma takobi bai rabu da gidansa ba, Uriya kuma, wanda Dawuda ya sa aka kashe bayan ya kwana da matarsa, bai dawo ba. Manassa ya yi sarauta shekara 55 a Urushalima, ya kafa bagadan gumaka a cikin Haikali, ya ƙona ɗansa hadaya, ya zubar da jinin marasa laifi. Da aka ja shi da ƙugiya da sarƙar tagulla zuwa Babila, ya ƙasƙantar da kansa, Allah ya ji shi, ya komar da shi kan gadonsa (2 Tarihi 33). Jinƙai ne mai ban mamaki. Amma ɗansa Amon ya ɗauki tsohon halin uban, ba sabon ba, ƙasar kuma ba ta warke daga abin da ya shuka ba. Mai cewa zai tuba daga baya ya tambayi kansa wa zai biya kuɗin shekarun da ke tsakani: matarsa, 'ya'yansa, ko wanda ya cuta.

Akwai ranar da haƙurin Allah zai ƙare?

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye wannan ba. Yesu ya ba da misalin itacen ɓaure da ya shekara uku ba 'ya'ya. Mai gona ya ce a sare, mai lura da gonar ya roƙi a ƙara masa shekara guda ya yi masa kaftu ya zuba taki (Luka 13:6-9). An ƙara lokaci, amma lokaci ne mai iyaka. Bitrus ya ce jinkirin Ubangiji haƙuri ne, don ba ya so kowa ya hallaka (2 Bitrus 3:9), a aya ta gaba kuma ya ce ranar za ta zo kamar ɓarawo. Shi ya sa Ibraniyawa 3 ta nace a kan yau.

Allah kuma ba ya jan mutum da igiya. Markus 10:21 ya ce Yesu ya dubi saurayin nan mai dukiya, ya ƙaunace shi. Da saurayin ya juya ya tafi da baƙin ciki, Yesu bai rage masa sharaɗi don ya tsaya ba. Ya kuma yi kuka a kan Urushalima, ya ce sau da yawa ya so ya tattara 'ya'yanta kamar yadda kaza ke tattara 'yan tsakinta a ƙarƙashin fikafikanta, amma suka ƙi (Matiyu 23:37).

An yi mini baftisma, na yi hidima, sannan na ja da baya shekaru. Na san gaskiya na ƙi ta. Akwai hanyar dawowa?

Akwai, ɗan'uwa, akwai, 'yar'uwa. Ikkilisiyoyi sun bambanta a kan ko mai bi na gaskiya yana iya rasa cetonsa. Wasu suna riƙe da Yahaya 10:28-29, wasu suna nuna gargaɗin Ibraniyawa 6. Amma a kan tambayarka bakinsu ɗaya ne: wanda ya zo wurin Yesu, ba zai kore shi ba (Yahaya 6:37).

Ɗan da ya ɓata a Luka 15 ba baƙo ba ne, ɗan gida ne, ya san ubansa sarai. Neman gādo uba yana da rai daidai yake da cewa mutuwarsa ta yi jinkiri. Ya karɓi rabonsa, ya tafi ƙasa mai nisa, ya ƙare a kiwon aladu. Abin da ya tashe shi ma ba wani tsarki ba ne, yunwa ce. Ya shirya jawabi mai kashi uku: na yi zunubi, ban isa a kira ni ɗanka ba, ka mai da ni ɗan ƙodago. Tun yana nesa uban ya hango shi, ya sheƙa da gudu, abin da dattijo mai mutunci ba ya yi a gaban jama'a, ya rungume shi da warin aladun a jikinsa. Yaron ya faɗi kashi biyu na jawabin. Na ukun bai fito ba, uban ya riga ya aika a kawo riga mafi kyau, da zobe, da takalma. Da yawa daga cikin masu dawowa suna so su shiga a matsayin 'yan ƙodago, su biya bashin da aiki, domin hakan ya fi sauƙi ga girman kai. Uban bai karɓi wannan ciniki ba.

Ga kuma Bitrus, wanda ya fi kowa sanin gaskiya. Ya yi musun Ubangijinsa sau uku yana jin ɗumi a bakin wutar gawayi a farfajiyar babban firist, har da rantsuwa. Luka ya ce Yesu ya juya ya dube shi, Bitrus ya fita ya yi kuka mai zafi. Da safiyar tashin matattu, saƙon mala'ikan ga matan shi ne su faɗa wa almajiran, har da Bitrus (Markus 16:7). Daga baya, a bakin Tekun Galili, Yesu ya hura wutar gawayi, ya gasa kifi, ya ciyar da shi tukuna, sannan ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa. Bai ce masa ya ba da bayanin daren nan ba. Ya mayar masa da aikinsa, ya ce ya yi kiwon tumakinsa (Yahaya 21). Makonni kaɗan bayan haka Bitrus ɗin ne ya tsaya a Urushalima yana faɗa wa jama'a sun yi musun Mai Tsarki, yana kuma kiransu su tuba a share zunubansu (Ayyukan Manzanni 3:14-19). Ya san abin da yake faɗa.

Yahuza ma ai ya yi nadama. Me ya raba shi da Bitrus?

Inda kowannensu ya kai nadamarsa. Yahuza ya mai da azurfa 30 ɗin wurin manyan firistoci, ya ce ya ci amanar marar laifi. Suka ce masa ina ruwansu, shi ya sani (Matiyu 27:3-5). Ya kai zunubinsa wurin waɗanda ba su da gafarar da za su ba shi, sannan ya yanke wa kansa hukunci. Bitrus ya zauna cikin 'yan'uwa da kunyarsa, da ya ji Ubangiji ne a bakin gaɓa kuma ya faɗa ruwa ya nufe shi. Idan nadama tana raya maka ka ɓuya ko ka cuci kanka, kada ka zauna da ita kai kaɗai. Ka faɗa wa fasto ko wani amintacce a yau.

Ina tsoron na yi saɓon Ruhu Mai Tsarki, wanda aka ce ba a gafartawa.

A karanta Markus 3:22-30 gaba ɗaya. Malaman Attaura sun ga an warkar da mutane a gabansu, suka ce da ikon sarkin aljanu ake yi. Gargaɗin a kan zuciyar da ta ga aikin Allah a fili, ta kira shi aikin Shaiɗan, ta kuma kafe a kan haka ne. Kafin gargaɗin, Yesu ya ce za a gafarta wa 'yan Adam dukan zunubai da kowane irin saɓo. Bulus da kansa ya ce dā shi mai saɓo ne, mai tsananta wa ikkilisiya, amma aka yi masa jinƙai (1 Timoti 1:13). Masu koyarwa tun dā suna cewa wanda wannan tsoro ya dame shi, damuwar tasa shaida ce Ruhu bai daina aiki a cikinsa ba, domin zuciyar da ta kafe ba ta damuwa. Wannan magana tana da tushe.

Wanda aka tilasta masa ya yi musun Almasihu a bakin bindiga fa?

Wannan ba tambayar aji ba ce a wurinmu. A arewa maso gabashin Nijeriya, ikkilisiyoyi irin su Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN) sun karɓi mutanen da suka dawo daga hannun Boko Haram, wasunsu an sa su furta abin da ba ya zuciyarsu don su rayu, wasu mata sun dawo da goyo.

Ikkilisiyar farko ta sha wannan. A shekara ta 250, sarkin Roma Desiyus ya ba da doka kowa ya miƙa hadaya ga alloli ya karɓi takardar shaida. Kiristoci da yawa sun miƙa, wasu suka sayi takardar. Da tsananin ya lafa, Nobatiyan, wani shugaban ikkilisiya a Roma, ya ce ba za a sake karɓarsu ba. Sifiriyan, bishop na Kartaj a ƙasar da yau ake kira Tunisiya, tare da taron bishop-bishop na 251, suka ce a buɗe musu hanyar dawowa ta wurin tuba. Matsayin da ikkilisiya ta riƙe ke nan. Sifiriyan kuwa ba mai wasa da bangaskiya ba ne, an sare kansa saboda Almasihu a 258.

Muna girmama waɗanda suka tsaya har mutuwa, haƙƙinsu ne. Amma wanda bai taɓa jin bakin bindiga a ƙeyarsa ba, ya yi hattara da yanke hukunci a kan yarinyar da aka sace tana 'yar shekara goma sha. Abin da take bukata shi ne wurin kwana, magani, mai saurarenta, da ikkilisiyar da za ta kira ɗanta da sunansa.

Me ya sa sai da gicciye? Ba zai ce ya yafe kawai ba?

Maƙwabtanmu Musulmi sukan yi mana wannan tambaya, su ma suna kiran Allah Mai rahama, Mai jinƙai, kuma tambaya ce da ta cancanci amsa cikin ladabi. Amsar bangaskiyar Kirista ita ce yafiya kullum tana da mai ɗaukar asara. Sarkin da ya yafe wa bawansa bashin talanti 10,000 a misalin Yesu, daga taskarsa kuɗin suka fita (Matiyu 18). Allah mai adalci ne, ba zai ce jinin Habila ko na Uriya ba komai ba ne. Mai jinƙai ne kuma, ba ya son mutuwar mugu. A Romawa 3:25-26 Bulus ya ce a kan gicciye ne Allah ya nuna shi mai adalci ne, kuma mai kuɓutar da wanda ya gaskata da Yesu. Ba wani na uku aka kamo aka ɗora wa ba. Allah ne cikin Almasihu yake sulhunta duniya da kansa (2 Korantiyawa 5:19).

A nan ƙin ɗan Adam ya kai matuƙa, a nan kuma Yesu ya roƙa wa masu kashe shi gafara (Luka 23:34). Bayan ya tashi, ya ce a yi shelar tuba da gafarar zunubai ga dukan al'ummai, a fara daga Urushalima (Luka 24:47), birnin da ya gicciye shi. A ranar Fentikos mutum wajen 3,000 suka karɓi baftisma a can.

Na gaskata Allah ya karɓe ni, amma a majami'a har yanzu ana nuna ni da baki.

Wannan ciwo ne na gaske, laifin kuma namu ne, mu jama'ar ikkilisiya. Horo yana da tushe a Nassi, manufarsa kuwa maidowa ce. Amma kowa ya san yadda abin yakan kasance. An karanta sunan yarinya a gaban jama'a, ta koma bencin baya, ranar Jibin Ubangiji faranti ya zo layinta ya wuce, wanda ya yi mata cikin kuwa ba a ji sunansa ba, ko don ɗan wani ne. Watannin horo sun cika, an ce an maido ta, amma shekara biyar bayan haka in za a ba ta aiki a zumunta sai wata ta tuna wa mutane.

Bulus ya umarci Korantiyawa su hori mai laifi, shi ne kuma ya rubuta musu cewa horon ya isa haka, su yafe masa, su ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi, su tabbatar masa da ƙaunarsu (2 Korantiyawa 2:6-8). Galatiyawa 6:1 ta ce a maido da shi cikin tawali'u. A Luka 15 ma, babban wan ya ƙi shiga gida, sai uban ya sake fita, wannan karon don ya rarrashi mai biyayyar. Idan kai ne aka maido, kada ka bar zumunci saboda bakin mutane, ka nemi dattijo guda mai hankali ka faɗa masa abin da ke faruwa. Idan kuma kana cikin dattawa, ranar maidowa ta zama a fili kamar ranar horon, da addu'a da riƙe hannu a gaban jama'ar da suka ji sunan.

Ɗana ya bar bangaskiya, ba ya son a yi masa maganar Allah. Me zan yi?

Baba, Mama, kada ku rufe masa ƙofa. Hausawa na cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ubanmu na sama yana fito da ranarsa a kan mugaye da nagargaru, yana saukar da ruwa ga masu adalci da marasa adalci (Matiyu 5:45). Ba ku fi shi kishin sunansa ba.

Monika, mahaifiyar Agustin, ta san wannan hanya. An haifi ɗanta a 354 a Tagaste, cikin Aljeriya ta yau. Ya bi addinin Mani shekara wajen tara, ya yaudare ta ya hau jirgin ruwa zuwa Roma ba sallama. Ta ci gaba da addu'a, daga baya ta bi shi har Milan. Ambros, bishop na Milan, ya yi masa baftisma a 387, ita kuwa ta rasu a wannan shekarar. Ya zama bishop na Hippo, ɗaya daga cikin manyan malaman ikkilisiya. Ba kowace uwa ce za ta gani da idonta kamar Monika ba, Nassi bai yi wa kowa alkawarin rana ba. 'Yan'uwan Yesu ma ba su gaskata da shi ba yana tare da su (Yahaya 7:5), sai bayan tashinsa aka ga ɗaya daga cikinsu, Yakubu, yana jagorar ikkilisiyar Urushalima.

Ku faɗa masa gaskiyar abin da kuka gaskata sau ɗaya, a sarari, ba gori, sannan ku daina mai da kowace gaisuwa wa'azi. Ku tambaye shi abin da ya kore shi, ku saurara har ƙarshe, domin sau da yawa ba Allah ya guje wa ba, wani abu ne da ya gani a gida ko a majami'a. In akwai inda aka cuce shi, a nemi gafararsa. Kada a cire shi daga sha'anin gida, biki ko rasuwa a sanar da shi kamar kowa. Idan akwai kawu ko gwaggo ko tsohon malaminsa na makarantar Lahadi da yake jin maganarsa, a roƙe shi ya riƙa leƙa shi don zumunci, domin abin da ɗa ba zai iya faɗa wa mahaifinsa ba yakan faɗa wa kawunsa.